Sharhi: Tallafin abinci, tsakanin tirelar gwamnati da tukunyar talaka

A ranar 15 ga watan Yulin 2024, bayan kammala zaman Majalisar Zartarwa ta Tarayya, Ministan Yaɗa Labarai da Wayar da Kan Jama'a, Alhaji Mohammed Idris, ya shaida wa manema labarai cewa Gwamnatin Tarayya ta aika wa kowace jiha, har da Babban Birnin Tarayya, tirela 20 na shinkafa domin a raba wa masu ƙaramin ƙarfi. Kowace tirela na ɗauke da buhu 1,200 mai nauyin kilo 25. Jimilla tirela 740 ke nan, wato buhu 888,000.

Ga mai sauraro adadin ya yi kama da abin a zo a gani. Sai dai da zarar an ɗauki alƙalami an yi rabo, sai lamarin ya canza kama. Kason kowace jiha buhu 24,000 ne. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, don haka abin da zai faɗa wa kowace mazaɓa bai wuce buhu 50 ba, alhali akwai mazaɓun da ke ƙunshe da dubban magidanta. Jihar Bayelsa mai ƙananan hukumomi takwas ita ma buhu 24,000 ta samu, daidai da Kano da Legas da Katsina.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rabo, abin da ke biyo baya sananne ne: jama'a su ce ba su gani a ƙasa ba, a zargi 'yan siyasa da karkatar da kayan, gwamnatin jiha ta musanta. Zargin yana da tushe a wurare da dama, kuma an sha kama buhunan tallafi ana sake musu mazubi domin a kai kasuwa. Amma lissafin da ke sama ya nuna wani abu da ya fi satar muhimmanci. Ko da a ce babu ƙwaya ɗaya da ta salwanta a hanya, mafi yawan mabuƙata ba za su samu komai ba, domin kayan tun asali bai kai cikin cokali ba idan aka auna shi da yawan bakunan da ke jira.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kuɗin dakon kaya ya ninka, taki ya yi tsada, ga kuma rashin tsaro da ya hana manoma da yawa shiga gonakinsu a Zamfara da Katsina da Neja da Binuwai da Borno. Zuwa watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Kafin wannan ma, binciken da hukumar ta fitar a 2022 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan adadi a Arewa suke.

Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A watan Yulin 2023 ta ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci. A watan Agusta Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a bai wa kowace jiha naira biliyan biyar domin sayen hatsi, wani ɓangare kyauta wani ɓangare rance, tare da tirela biyar-biyar na shinkafa. A watan Fabrairun 2024, kwanaki kaɗan bayan mata da matasa sun tare hanya a Minna suna kukan tsadar rayuwa, aka ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. A watan Yuli aka aika da tirelolin da aka ambata, aka kuma sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama sarrafawa ba na tsawon kwana 150. A watan Satumba Ministan Noma da Samar da Abinci, Sanata Abubakar Kyari, ya ƙaddamar da sayar da tan 30,000 na shinkafa a kan naira 40,000 kowane buhu mai kilo 50.

Duk wanda ya jera waɗannan matakai kusa da kwanakin da aka ɗauke su zai lura da abu ɗaya. Kusan kowannensu ya zo ne a matsayin amsa ga wani kuka da ya riga ya yi ƙarfi. Na Fabrairu ya biyo bayan zanga-zangar Minna, na Yuli ya zo ana saura mako biyu a fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta. Babu ko ɗaya da magidanci zai iya sanin ranar zuwansa tun kafin lokaci, balle ya tsara cefanen gidansa a kai. Haka aka yi a 2020 lokacin kullen korona, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000. Tallafin abinci a ƙasar nan ya kasance abin da ake yi idan wuta ta kama, a bar shi idan ta lafa.

Tan 42,000 da aka fitar a farkon 2024 ya cancanci a tsaya a kansa. A daidai wannan lokaci, rahoton da Gwamnatin Tarayya ke fitarwa tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kan yanayin abinci ya yi hasashen cewa mutum miliyan 31.8 za su shiga matsanancin ƙarancin abinci tsakanin Yuni da Agustan shekarar. Idan aka raba hatsin a kan waɗannan kaɗai, ba a kan dukkan matalauta ba, kowa zai tashi da kilo ɗaya da 'yan kai. Abincin kwana uku ke nan ga mutum ɗaya, idan an yi tattali.

Dalilin ƙanƙantar adadin shi ne rumbunan ba su da abin da ya fi haka sosai. Najeriya ta gina manyan rumbunan adana hatsi a wurare 33, waɗanda jimillar abin da za su iya ɗauka ya kai kimanin tan miliyan 1.3. A 2018 aka bayar da hayar da dama daga cikinsu ga 'yan kasuwa, waɗanda suka rage a hannun gwamnati kuma ba a saba cika su ba. Tun da aka rushe Hukumar Hatsi ta Ƙasa a 1986, a zamanin shirin tada komaɗar tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ƙasar ba ta sake samun tsayayyen tsarin da ke tilasta wa gwamnati sayen wani adadi na hatsi kowace kaka ba. Ana saye idan an samu kuɗi, sau da yawa bayan 'yan kasuwa sun riga sun kwashe na arha. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma sayen hatsin tallafi a watan Yuni, lokacin da farashi ya kai ƙololuwa, ba shi da wani suna da ya wuce wannan. Gwamnatocin jihohi 36 da suka shiga kasuwannin Dawanau da Dandume da Saminaka lokaci guda da biliyoyin naira, su kansu suna iya ƙara wa farashin wuta.

Idan kaya kaɗan ne, mabuƙata kuma da yawa, babu kuma wanda ya san ko sunansa na cikin waɗanda za a bai wa, abin da ya rage shi ne layi. A layi kuwa mai ƙarfi ke samu. A ranar 23 ga Fabrairun 2024 Hukumar Kwastam ta fara sayar da shinkafar da ta kama, buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000, a ofishinta da ke Yaba a Legas. Turmutsitsin da aka yi ya ci rayuka, kuma hukumar ta dakatar da shirin. A watan Maris ɗalibai mata biyu suka rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi a wajen rabon shinkafar da gwamnatin jihar ta tanada. A cikin watan ne kuma jama'a suka fasa wani rumbun ajiya na hukumar Babban Birnin Tarayya a yankin Gwagwa suka yi awon gaba da abin da ke ciki, lamarin da ya tuna wa mutane da watan Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Ilori da Kalaba da Jalingo da wasu garuruwa.

Mafi muni shi ne makon da ya gabaci Kirsimetin 2024. Yara 35 suka mutu a Ibadan, mutum 22 a Okija da ke Jihar Anambra, mutum 10 a wata majami'a da ke Maitama a Abuja. Waɗannan ukun ba rabon gwamnati ba ne, masu hali ne da ƙungiyoyin addini suka shirya da kyakkyawar niyya. Duk da haka suna da alaƙa da batun, domin uwar da ta tabbata cewa kason gidanta na nan a ajiye a wani shago ranar kaza ga wata ba za ta goya jaririnta ta kwana a bakin ƙofa saboda kwanon shinkafa ba.

Shirin sayar da buhu a kan naira 40,000 ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan matsala, ta hanyar sharaɗin gabatar da lambar shaidar zama ɗan ƙasa da kuma ƙayyade buhu ɗaya ga mutum ɗaya. A lokacin buhun ya haura naira 80,000 a kasuwa, don haka ragin rabi ne cur, kuma wanda ya samu ya ji daɗi. Sai dai tan 30,000 buhu 600,000 ne kawai a faɗin ƙasa. Bayan haka, naira 40,000 ta fi rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar. Mai tura baro da mai wankau da bazawarar da ke riƙe da marayu ba su san sayen buhu ba. Awo suke yi da kwano, wani lokaci da gwangwani, abin da rana ta kawo. Shirin ya taimaki ƙaramin ma'aikaci, wanda shi ma yana cikin matsi, amma bai sauko kan na can ƙasa ba.

Masu ganin rabon kuɗi ya fi rabon hatsi suna da hujja mai ƙarfi. Kuɗi ba ya buƙatar tirela ko rumbu, ba ya ruɓewa, kuma yana barin magidanci ya sayi abin da gidansa ke ci, ko gero ne ko garin rogo, a hannun ɗan kasuwar unguwarsu. Najeriya ta gwada wannan tun zamanin Buhari, inda aka riƙa biyan naira 5,000 a wata, da wani ɓangare na kuɗin Abacha dala miliyan 322 da aka dawo da su daga Suwizalan. Gwamnatin Tinubu ta fara da shawarar naira 8,000 a wata ga gidaje miliyan 12, ta janye bayan suka, sannan a watan Oktoban 2023 ta ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, da taimakon rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya.

Nan ma aka ci karo da tsohuwar tambaya: wa za a bai wa? A watan Yulin 2023 gwamnoni, ta bakin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, suka ce ba su amince da sahihancin rajistar matalauta da aka gada ba. A watan Janairun 2024 aka dakatar da Ministar Jin Ƙai ta lokacin, Dakta Betta Edu, bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, aka kuma dakatar da dukkan shirye-shiryen hukumar tallafin jama'a domin bincike. Da aka dawo da biyan, sai aka gindaya sharaɗin lambar shaidar zama ɗan ƙasa ko ta banki. Sharaɗin ya dace, domin shi ne maganin sunayen bogi. Amma wanda ya fi kowa talauci, mazaunin ƙauyen da babu banki babu sabis ɗin waya, shi ne ya fi kowa rashin waɗannan lambobi, don haka biyan ya riƙa tafiyar hawainiya a daidai lokacin da farashi ke gudu. Jimillar naira 75,000 da gida zai samu a biya uku, a ƙarshen 2024 ba ta sayen buhun shinkafa ɗaya.

Wannan ne raunin kuɗi a lokacin hauhawar farashi: adadinsa na tsaye, darajarsa na zaizayewa. Shirin ciyar da 'yan makarantar firamare ya fi kowane nuna haka. An ƙaddamar da shi a 2016 bisa koyi da na Jihar Osun, kuma a ganiyarsa gwamnati ta ce yana ciyar da yara fiye da miliyan tara na aji ɗaya zuwa uku, tare da samar da aiki ga dubban mata masu dafa abinci. An ware naira 70 ga kowane yaro a rana, daga baya aka mai da ita naira 100. Kafin a dakatar da shi a farkon 2024, naira 100 ba ta sayen ƙwai ɗaya a garuruwa da yawa. Duk da gazawarsa, shi ne shiri ɗaya tilo da bai buƙatar sabuwar rajista, domin sunayen yaran na cikin littafin malamin aji, kuma abincin na shiga cikin wanda aka nufa kai tsaye ba tare da turmutsitsi ba. Abin takaici ne a ce shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni ba su fi Najeriya tsarkin jami'ai ba. Indiya, wadda ta sha fama da karkatar da hatsin tallafi, ta kafa dokar wadatar abinci a 2013, wadda ta bai wa kimanin mutum miliyan 800 haƙƙin karɓar kilo biyar na shinkafa ko alkama kowane wata daga shagunan da gwamnati ta amince da su. Tan miliyan huɗu ke nan a wata guda, kuma gwamnati na samun hatsin ne ta hanyar saye daga manoma a farashin da take sanarwa kafin girbi. A Masar, mai katin tallafi na da burodi biyar a rana, kuma ko da gwamnati ta ninka farashinsa sau huɗu a watan Yunin 2024, ba ta taɓa yawan kason ba. Birazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai a kashe shi wajen sayen amfanin ƙananan manoma. A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar ma, hukumar OPVN ta daɗe tana sayar da cimaka a farashi mai rahusa a watannin da rumbunan manoma ke ƙarewa, kuma talaka ya san da zuwan lokacin.

Babu mai cewa Najeriya na da kuɗin kwaikwayon Indiya gobe da safe. Abin da ya haɗa waɗannan tsare-tsare shi ne mai karɓa ya san nawa ne kasonsa, ya san ranar karɓa da wurin karɓa, kuma yana da inda zai kai ƙara idan aka hana shi. A Najeriya, gyaran kundin tsarin mulkin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya umarci gwamnati ta fuskantar da manufofinta wajen tabbatar da haƙƙin samun abinci. Amma an sanya shi ne a babi na biyu, wanda kotu ba ta da hurumin tilasta aiwatar da shi. Har sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi dokar da ta fayyace wa ya cancanta, me zai samu, kuma daga wane asusu, tallafin zai ci gaba da zama alherin mai mulki, wanda ake manna wa hotonsa a jikin buhu, ya bayar idan ya ga dama.

Shekarar 2025 ta zo da sabon salo. Farashin masara da shinkafa da gero ya sauko ƙwarai, sakamakon damina mai albarka da shigo da hatsi daga waje da kuma ɗan daidaituwar naira. Mazauna birane sun numfasa, kuma gwamnati na da damar cewa matakanta sun yi tasiri. Amma manoma sun koka cewa abin da suka sayar bai mayar musu da kuɗin taki ba, wasu kuma sun rage yawan filin da suke nomawa. Gwamnati ta tsinci kanta a halin gaba kura baya sayaki, domin arhar da ke faranta ran mai saye ita ce ke karya gwiwar mai noma, kuma idan manomi ya janye, tsadar za ta dawo bayan damina ɗaya ko biyu. Irin wannan lokaci ne aka gina rumbuna dominsa. Sayen hatsi da kaka zai tallafi farashin manomi, ya kuma cika rumbu da arha domin watannin Yuni zuwa Agusta.

Saukar farashin kuma ba ta kawar da yunwa ba, domin wanda ba shi da kuɗi arha ba ta amfane shi da komai. Hasashen da aka fitar a ƙarshen 2024 ya nuna mutum miliyan 33 za su kasance cikin ƙarancin abinci a daminar 2025. A watan Yulin shekarar, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da agajin da take bai wa mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, bayan da manyan masu ba da gudummawa, musamman Amurka, suka tsuke bakin aljihu. Nauyin da baƙi suka daɗe suna ɗauka a Borno da Yobe da Adamawa yana komawa kan Abuja da gwamnatocin jihohi.

Jihohin kuwa ba su da uzurin da suke da shi a da. Tun bayan janye tallafin man fetur, kason da suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma su ne ke da makarantun firamare da asibitocin karkara da masu unguwanni da ake buƙata wajen tantance mabuƙata. Wasu sun gwada wani abu daban: Legas ta buɗe kasuwannin ranar Lahadi da ake sayar da kayan abinci da ragin kashi 25 cikin ɗari, Jigawa ta buɗe shagunan rahusa. Ma'aunin da za a gwada su da shi mai sauƙi ne, wato ko suna nan a buɗe a watan Agusta na shekarar da babu zaɓe kuma babu zanga-zanga, da kuma ko an lissafa kuɗinsu a kasafin shekara mai zuwa.